Buɗe Jijiya Rabin Magani Ne

A bakin Bahaushe ciwon zuciya suna ne na cuta biyu. Akwai wanda likita ke sa na'ura ya auna, akwai kuma wanda baƙin ciki da ɓacin rai ke sa wa mutum har ya rame alhali ga abinci a gabansa. An daɗe ana ɗaukar wannan a matsayin ruɗanin mutanen da, ana cewa tsoka daban, tunani daban. To, binciken likitoci na shekaru talatin da suka shige ya dawo ya gaskata tsofaffin, domin kuwa ya tabbata cewa cututtukan nan biyu tagwaye ne, inda ɗaya ta sauka ɗayar na tafe. Babu inda maganar ta fi fitowa fili kamar a kan mutanen da aka yi wa aikin buɗe jijiyar zuciya. A garuruwa irin su Hardawa ta Ƙaramar Hukumar Misau, da Azare, da sauran ƙasar Katagum, yanzu ba abin mamaki ba ne a ji ana cewa an kai wane Abuja ko Masar an sa masa ƙarfe a zuciya. Ana zuwa barka da arziki, ana yin sadaka, kowa ya watse. Abin da ke samun mutumin nan bayan an watse, shi ne ba a cika tambaya ba.

Ya kamata a fara da bayanin aikin kansa, saboda rashin fahimtarsa na daga cikin tushen matsalar. Zuciya tsoka ce, ita ma tana da nata jijiyoyin da ke shayar da ita jini. Idan kitse ya taru a bangon ɗaya daga cikinsu hanyar ta ƙuntata, sai mutum ya riƙa jin nauyi ko matsi a ƙirji in ya yi tafiya ko ya ɗauki kaya. Idan kuwa gudan jini ya zo ya toshe ta baki ɗaya, to, bugun zuciya ke nan, wani sashe na tsokar ya fara mutuwa. Abin da likita ke yi shi ne ya zura wani siririn bututu ta jijiyar wuyan hannu ko ta matsematsi, ya bi da shi har zuciya yana kallo a hoto, ya hura wani ɗan balan-balan ya buɗe wurin da ya tsuke, sa'an nan ya bar wata 'yar ragar ƙarfe da ake kira sitent ta tokare bangon. Ba a tsaga ƙirji, galibi ba a ma sa mutum barci, kuma in babu wata tangarɗa bayan kwana ɗaya ko biyu sai a sallame shi.

Wani likita Bajamushe mai suna Andreas Gruntzig ne ya fara yin wannan aiki, ran 16 ga watan Satumba, 1977, a birnin Zurich na ƙasar Suwizalan, a kan wani mutum ɗan shekara 38. A 1986 aka fara sa ragar ƙarfen, a Faransa da Suwizalan. A nan Nijeriya an yi tiyatar farko ta buɗe ƙirji a gyara zuciya a Asibitin Koyarwa na Inugu tun a 1974, amma aikin buɗe jijiya ta bututu sai a 2009 ya kankama, a Legas. Har yau akasarin wuraren da ke yin sa suna manyan birane, da yawansu na 'yan kasuwa ne, kuɗin kuwa miliyoyin naira ne. Wani ƙidayar da likitocin zuciya na ƙasar nan suka yi ƙarƙashin jagorancin Farfesa Simeon Isezuo na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato, wanda aka buga a 2022, ya bi sawun mutum 1,072 da wannan ciwo ya kwantar a asibitoci 18 daga 2013 zuwa 2018. Waɗanda aka buɗe wa jijiya a cikinsu ba su kai kashi ɗaya cikin uku ba. Watau wanda ya sami aikin ya yi sa'a ƙwarai. Amma wannan sa'ar ce kuma ke rufe masa baki daga baya, domin ina mutumin da dangi suka yi karo-karo aka ceto ransa zai sami fuskar cewa ba ya jin daɗin duniya?

A ɗauki misalin magidanci ɗan shekara hamsin da wani abu a Hardawa, manomin gero da gyaɗa, mai ɗan kasuwanci a ranar kasuwa. Jiya shi ne mai ci da gida, yau ya dawo da jakar magunguna da takardar sallama da aka rubuta da Turanci. Likitan da ya yi masa aiki yana can a tafiyar yini guda. An sayar da shanun huɗa, ko an jinginar da gona, ko ana bin ƙannensa bashi saboda shi. Matansa da 'ya'yansa, don ƙauna, sun hana shi komai: kada ya hau keke, kada ya je gona, kada ya ɗaga buta, kada a gaya masa labarin rasuwa. An mai da shi kamar ƙwai a cokali. Da dare in ya ji ɗan tsunkuli a ƙirji sai gabansa ya faɗi, ya kwana zaune yana sauraron bugun zuciyarsa, yana tunanin ko ƙarfen ya goce. Sannu a hankali ya daina zuwa majalisa, abinci ya fita masa a rai, abin da bai kai ya kawo ba ya hasala shi. Mutanen gida su ce tun da aka yi wa Malam aiki ya canza hali. Wasu su ce sammu ne, wasu su ce tsufa.

Likitoci suna da suna ga wannan hali, shi ne ciwon damuwa, kuma sun auna yawansa. Kimanin mutum ɗaya cikin biyar na waɗanda bugun zuciya ya kwantar suna kamuwa da mai tsananinsa, watau ninki uku na abin da ake gani a sauran jama'a, kuma ya fi yawa ga mata. Masu fama da fargaba da zullumi kaɗai sun fi haka yawa. A 1993 wasu masana biyu a birnin Montreal na ƙasar Kanada, Nancy Frasure-Smith da François Lespérance, suka bi sawun mutum 222 da suka tashi daga bugun zuciya. A cikin wata shida, kashi 17 cikin 100 na masu ciwon damuwa sun rasu, alhali a cikin sauran kashi 3 ne kacal. Wannan sakamako ya girgiza likitocin zuciya, aka yi ta maimaita binciken a ƙasashe daban-daban, har da kan waɗanda aka sa wa ragar ƙarfe, tazarar takan ragu amma ba ta ɓacewa. Saboda haka a 2008 Ƙungiyar Likitocin Zuciya ta Amurka ta ba da shawara a riƙa binciken damuwa ga duk mai ciwon jijiyar zuciya, a 2014 kuma ta sa damuwa cikin jerin abubuwan da ke ƙara hatsari bayan bugun zuciya.

Mai karatu na iya tambaya, ta yaya baƙin ciki zai toshe jijiya? Akwai hanyoyi na cikin jiki da masana ke ta nazari, irin su tashin sinadaran firgita da saurin daskarewar jini. Amma hanyar da ta fi kusa, wadda kuma ta fi shafar mutumin Hardawa, ita ce ta magani. Ragar ƙarfen nan baƙuwa ce a jiki, jini yana son ya daskare a kanta kafin naman jijiya ya lulluɓe ta. Don haka ake ɗora mutum a kan magunguna biyu masu hana jini yin guda, asfirin da wani irin su kilofidogirel, na tsawon wata shida zuwa shekara guda gwargwadon yadda likita ya tsara, ban da na rage kitse da na hawan jini waɗanda akasari na har abada ne. Wanda ya yanke shan na biyun nan tun wa'adi bai cika ba yana iya wayar gari ragar ta toshe farat ɗaya, kuma sau da yawa ba a kai wa asibiti. An kuma tabbatar cewa mai ciwon damuwa ya ninka waninsa kusan sau uku wajen sakaci da umurnin likita. Ba taurin kai ba ne. Mutumin da ya fid da rai daga rayuwa, yana kuma ganin kowace ƙwaya da ya haɗiya kuɗin makarantar ɗansa ce, shi ne zai wayi gari ya ce a bar sayen maganin hakanan, ya ji sauƙi. Miliyoyin da aka kashe a Abuja suna iya tafiya a banza saboda maganin wata guda. An kashe maciji ke nan ba a sare kansa ba.

Akwai kuma laifin dogon buri, wanda wani lokaci tun daga ɗakin likita ake shuka shi. Idan mutum yana tsakiyar bugun zuciya, buɗe jijiya cikin gaggawa ceton rai ne, babu gardama. Amma ga wanda ciwonsa ya tsaya a kan nauyin ƙirji lokacin aiki, manyan bincike biyu, ɗaya a 2007 kan mutum 2,287, ɗaya a 2020 kan mutum 5,179, sun nuna cewa sa raga bai rage mutuwa ko bugun zuciya fiye da riƙon magani sosai ba. Amfaninsa a nan shi ne rage ciwon ƙirji da ba mutum damar walwala. Ma'ana, ga irin waɗannan mutane jin daɗin rayuwa shi ne ainihin abin da aka saya da kuɗin. To, in an sayo shi sa'an nan fargaba ta zaunar da mutum a ɗaki, me aka yi ke nan? Daɗin daɗawa, aikin yana gyara wuri guda ne a jijiya guda, cutar da ta tara kitsen tana nan. Wanda aka gaya wa an gyara shi sarai zai koma ga taba da maiƙo, wanda kuwa ba a gaya wa komai ba zai ɗauka kwanansa ya ƙare. Dukansu biyu rashin bayani ne ya cuce su.

Babban shingen da ke gaban masu son gyara shi ne suna. Da an ambaci lafiyar ƙwaƙwalwa, abin da ke zuwa wa jama'a a rai shi ne hauka, da mari, da Dawanau. Babu magidancin da zai yarda a ce yana da taɓin hankali yana da 'ya'ya mata da za a aurar. Bugu da ƙari, an horar da namiji a kan cewa kuka da ƙorafi na mata ne, kuma yana tsoron kada a ce ya kasa tawakkali. Shi ya sa mai damuwa a ƙasar nan ba ya zuwa asibiti ya ce ransa a ɓace yake. Cewa zai yi kansa yana zafi, ko wani abu yana masa yawo a jiki, ko barci ya ƙaurace masa, ko gabansa yana yawan faɗuwa. Malamin asibitin da ba a koya wa gane wannan ba sai ya rubuta maganin zazzaɓin cizon sauro ko na taifot ya sallame shi. Malaman addini suna da babban aiki a nan, domin su ake fara kai wa kuka. Ciwon damuwa cuta ce kamar hawan jini, tana kama mai ibada da marar yi, kuma neman maganinta bai saɓa wa dogaro ga Allah ba, kamar yadda zuwa a sa ragar bai saɓa ba.

Idan aka ce kowane mai wannan hali sai ya ga ƙwararren likitan ƙwaƙwalwa, to, an rufe maganar tun ba a fara ba. Ƙungiyarsu da kanta ta sha faɗa cewa ba su kai 300 ba a ƙasar da ta haura mutum miliyan 200, kuma suna ta ficewa waje. Binciken da Farfesa Oye Gureje na Jami'ar Ibadan ya jagoranta, wanda aka buga a 2006, ya gano cewa a cikin masu matsananciyar larurar ƙwaƙwalwa waɗanda suka sami wani magani a shekara ba su kai ɗaya cikin goma ba. A takarda kam ba a rasa komai ba. Tun a 1991 Gwamnatin Tarayya ta sa lafiyar ƙwaƙwalwa cikin ayyukan ƙananan asibitocin matakin farko. A watan Janairu, 2023, Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan sabuwar Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin dokar mahaukata ta 1958 da aka gada daga Turawa. A 2022 an yi dokar da ta wajabta inshorar lafiya ga kowane ɗan ƙasa. Sai dai doka ba ta tambayar majinyaci yadda ya kwana, ma'aikaci ne ke tambaya, shi ma sai an koya masa an kuma ba shi lokaci.

Abin farin ciki, maganin wannan matsala yana cikin mafi arha a duk harkar zuciya. Binciken farko tambaya biyu ce rak: a cikin mako biyun da suka wuce, shin mutum ya ji sha'awar abubuwan da ya saba jin daɗinsu ta fita masa, kuma shin ya ji ransa a jagule ko ya fid da tsammani? In ya amsa da e, sai a bi da wata takarda mai tambaya tara. Ba a bukatar na'ura ko lantarki. Magungunan damuwa irin su satiralin an gwada su a kan masu ciwon zuciya tun a 2002 aka ga ba su da lahani gare su, ko da yake likita ne zai zaɓa, saboda wasu tsofaffin magungunan damuwa suna dagula bugun zuciya. Gaskiya ce a faɗa, wani babban gwaji a Amurka a 2003 ya nuna cewa magance damuwa ta hanyar tattaunawa ya sauƙaƙa wa mutane amma bai rage mutuwa ba. Sai dai wani gwajin a Koriya ta Kudu, kan mutum 300 da aka bi sawunsu wajen shekara takwas aka buga a 2018, ya sami raguwar sake faɗawa ciwon zuciya ga waɗanda aka ba magani. Ko da ma a ce ba a ƙara wa mutum kwana ko ɗaya ba, dawo masa da barcinsa da fara'arsa da sana'arsa ba ƙaramin abu ba ne.

A nan ne idon jama'ar wannan yanki ya kamata ya koma kan Azare. A 2021 aka kafa Jami'ar Tarayya ta Kimiyyar Lafiya a garin, tsohuwar Cibiyar Lafiya ta Tarayya kuma ta zama asibitin koyarwarta. Kowane sabon asibitin koyarwa yana da burin mallakar ɗakin buɗe jijiya, kuma buri ne mai kyau, lokacinsa zai zo. Amma akwai abin da ya fi shi gaggawa, kuɗinsa kuwa bai kai na janareton da zai riƙe wancan ɗakin ba, shi ne sashen rainon masu tashi daga ciwon zuciya. A ƙasashen da suka ci gaba, wanda aka yi wa aiki yana shiga wani shiri na kimanin mako 12, inda ake sa shi motsa jiki a gaban ma'aikata ana ƙara masa kaɗan-kaɗan, ana koya masa abinci da magani, ana kuma sauraron damuwarsa. An tabbatar cewa wannan shiri yana rage komawa gadon asibiti, yana kuma kyautata rayuwa. Abin da ake bukata ɗaki ne, da nas, da mai gashin ƙashi, da ma'aunin jini, da fili na tafiya. Mutumin da ya ga kansa ya yi tafiyar minti talatin a gaban nas bai faɗi ba, ya kuma ga ɗan'uwansa na Gamawa ko Shira da aka yi wa aiki bara ya koma gona, ya sami abin da wa'azi ɗari ba zai ba shi ba.

Daga Azare sai abin ya gangara ƙananan asibitoci. Lalle ne duk asibitin da ya sa wa mutum raga, a Abuja yake ko a Alƙahira, a bi shi da takarda bayyananna da za a fassara wa majinyaci da Hausa: wane magani ne ba a tsallakewa ko da na yini guda, har zuwa wane wata, wane ciwo ne na gudu asibiti, wane ne kuma ba komai ba. Ma'aikacin lafiya na Hardawa ya kamata ya san mutanen nan da sunansu, ya auna jininsu, ya ƙirga ƙwayoyinsu, ya yi musu tambayoyin nan biyu duk wata. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito da tsarin koya wa irin waɗannan ma'aikata gane damuwa tun a 2008, an kuma gwada shi a Nijeriya ya yi aiki. Ba baƙon tunani ba ne ma. A 1954 Dokta Thomas Adeoye Lambo ya fara kula da masu larurar ƙwaƙwalwa a ƙauyukan da ke kewaye da asibitin Aro a Abeokuta, kowane da ɗan'uwansa a gefe, har duniya ta zo tana koyi. Farfesa Muhammad Ali Pate, wanda aka naɗa Ministan Lafiya a watan Agusta, 2023, haifaffen Misau ne, ya kuma shugabanci hukumar kula da lafiya a matakin farko daga 2008 zuwa 2011, saboda haka ba sai an yi masa dogon bayani a kan tazarar da ke tsakanin babban asibiti da ƙauye ba. Hukumar taimakekeniyar lafiya ta Jihar Bauci ita ma tilas ta dubi magungunan nan na bayan aiki, domin nan ne aljihun talaka ke yankewa.

Saura mutanen gida, waɗanda su ne asibitin farko. Ƙauna ce ke sa a zaunar da mutum, amma zaman yana cutar da zuciya da hankali gaba ɗaya. In likita ya ba da izini, a bar shi ya taka zuwa masallaci da kasuwa, ya leƙa gona ko da ba zai riƙe fartanya ba tukuna, a ci gaba da kawo masa shawarar gida kamar da. A daina yi masa gorin abin da aka sayar, ko da a fakaice. Maganar azumi a kai ta gaban likita tun watan Sha'aban, a tsara lokutan magani, kada mutum ya yanke wa kansa hukunci. Maganar iyali, wadda kunya ke hana tambaya, ita ma likita yana da amsarta, kuma ga mafi yawan mutane amsar mai daɗi ce bayan 'yan makonni. Abin da ke da hatsari shi ne a saci jiki a sayi maganin ƙarfin maza a tasha, domin haɗa irinsa da maganin ciwon ƙirji da ake sawa a ƙarƙashin harshe yana iya zubar da ƙarfin jini nan take. Haka kuma magungunan ciwon jiki na kemis irin su dikilofenak suna iya jawo zubar jini a ciki ga mai shan asfirin da abokinsa. Idan kuwa mutum ya haura mako biyu ba barci, ba ci, ba fara'a, ko ya fara cewa gara ya mutu a huta da wahalarsa, to, a kai shi Misau ko Azare a ranar, a kuma faɗa wa likita kalmomin da aka ji daga bakinsa yadda ya faɗe su.